dig, nslookup ko host: wanne za ka riƙe idan shafi ya ƙi buɗewa?

Duk wanda aka ɗora wa kula da kwamfutocin ofis a Abuja, a Sakatariyar Tarayya ne ko a wani ɗan kamfani da ke saman bene a Wuse II, ya san kiran nan da ke shigowa tun kafin ya kurɓi shayi: "Injiniya, shafinmu ya mutu," ko "imel ba ya shigowa tun jiya." Galibi shafin yana nan da ransa. Abin da ya karkace shi ne DNS, tsarin da ke karɓar suna irin jamb.gov.ng ya miƙa wa kwamfuta lambar IP ɗin da za ta nufa. Paul Mockapetris ne ya tsara shi a 1983, aka sabunta ƙa'idojin a 1987, kuma har gobe a kansu ake tafiya.

Manhajoji uku aka fi sani wajen yi wa sabobin DNS tambaya daga baƙin allo: nslookup, host da dig. A Linux da Mac 'yan gida ɗaya ne, tare suke fitowa daga BIND, manhajar sabar DNS da aka faro a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a shekarun 1980, yanzu kuma take hannun wata ƙungiya mai suna ISC. Don kada in ja ka da nisa, ga inda na tsaya: ka koyi dig har ya zauna maka a yatsu, ka san nslookup daidai abin da zai fitar da kai kunya a kwamfutar da ba taka ba, host kuma ka bar shi don aikin sauri. Sai dai akwai wata tambaya da duk ukun ba sa amsawa, kuma ita ce ta fi ɓata wa mutane yini. Za mu zo kanta.

Babban abin da nslookup ke taƙama da shi shi ne ko'ina ka je za ka same shi. Ofisoshin garin nan kusan duk Windows ne, kuma Windows da nata nslookup ɗin take zuwa. Kwamfutar sashen kuɗi da aka kulle, wadda ba ka da izinin ɗora mata komai, tana da shi. Shi ne kuma ya fi sauƙin faɗa ta waya. Kana cikin cunkoson Nyanya, shugabar sashe ta kira, sai ka ce: "Ranki ya daɗe, a danna maɓallin Windows tare da R, a rubuta cmd. To, a rubuta nslookup, a bar fili, a sa sunan shafin namu, a ɗauko mini hoton abin da ya fito." An gama. Duk abin da za ka haddace bai wuce wannan ba:

nslookup example.com
nslookup example.com 8.8.8.8
nslookup -type=mx example.com

Na farko yana tambayar sabar da kwamfutar ke amfani da ita, na biyu ya tsallake ta ya tambayi ta Google, na uku ya nemo inda imel ɗin domen, wato sunan da aka yi wa rajista irin example.com, ke sauka. Idan na farko ya gaza, na biyu ya amsa, ka riga ka san matsalar tana wajen rautar ofis ko kamfanin da ke ba ku intanet, ba a shafin ba.

Daga nan kuma sai halayensa su fara fitowa. Yakan rubuta "Non-authoritative answer" a saman amsa, mutane su tsorata su ɗauka kuskure ne, alhali cewa kawai yake amsar ba daga sabar da ke riƙe da domen ɗin ta fito kai tsaye ba, wanda shi ne abin da aka saba. Na Windows yakan fara da neman sunan ita kanta sabar da zai tambaya, in bai samu ba ya rubuta "UnKnown", wani lokaci har da ƙorafin ƙarewar lokaci, sannan ya kawo amsar da ba ta da aibi ko kaɗan. Mafi muni shi ne ɗabi'arsa ta liƙa sunan domen ɗin ofis a bayan abin da ka rubuta. A ofishin da aka haɗa kwamfutoci ƙarƙashin domen ɗaya, kana iya tambayar google.com shi kuma ya je ya tambayi google.com haɗe da sunan kamfaninku. Idan domen ɗinku na da rekod mai alamar tauraro, wanda ke amsa kowane suna, sai ka ga lambar sabarku ta fito a matsayin ta Google, ka fara zargin an yi muku kutse. Maganin ɗigo ɗaya ne a ƙarshen suna, wato google.com. da ɗigonsa. Ga shi kuma ba ya nuna TTL, wato wa'adin ajiye amsa, sai ka ƙara -debug, shi ma sai ya zubo maka tarin rubutu. Su kansu masu BIND sun taɓa yanke shawarar yin watsi da shi, har yana fitar da gargaɗin a koma dig ko host, kafin su janye a 2004 da fitowar BIND 9.3.

host ba ya buƙatar dogon bayani. Ka rubuta host example.com, ya ba ka lambar IPv4, ta IPv6, da sabobin imel cikin gajerun jimloli. Ka ba shi lamba, host 8.8.8.8, ya mayar maka da suna, dns.google, ba tare da ka ƙara komai ba. Abu biyu ke sa ni komawa gare shi. Idan suna babu shi, yana fita da lambar kuskure, saboda haka ya dace da ɗan shirin da ka rubuta don ya riƙa duba domen ɗin ofis kowace safiya. Sannan host -C yana zagaya duk sabobin da ke riƙe da domen ya jero lambar siriyal ta kowacce, wadda ke ƙaruwa duk sanda aka yi gyara, ka ga ko wata ta makara. Ba ya cikin Windows.

Ranar farko da mutum ya rubuta dig example.com yakan ji kamar an watsa masa takardu a fuska. Layi kusan ashirin don tambaya guda. Amma wannan yawan shi ne amfanin, domin dig ba ya tace komai, saƙon da saba ta aiko yake shimfiɗa maka. Wurare huɗu kawai ido ke buƙatar sauka: kalmar da ke gaban status, haruffan da ke gaban flags, lambar da ke tsakiyar layin amsa, da layin SERVER a ƙasa wanda ke faɗin wa ya amsa.

Fara da status, don kowace kalma tana aika ka wuri dabam. NXDOMAIN na nufin sunan babu shi sam. In ba kuskuren rubutu ba ne, a garin nan abin da na fi tararwa shi ne kuɗin sabunta domen da ba a biya ba: yaron da ya yi rajistar shekarun baya da imel ɗinsa ya yi, ya gama bautar ƙasa ya koma garinsu, saƙon tunatarwa yana ta sauka a akwatin da ba wanda ke buɗewa. Nan ba aikin injiniya ba ne, aikin akanta ne. SERVFAIL kuma na nufin sabar da ka tambaya ta yi ƙoƙari ta kasa samo amsa. Abin da duniya ta gani ke nan ranar 4 ga Oktoba 2021, lokacin da Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke na kusan awa shida: sunayen suna nan, amma hanyar isa sabobin DNS ɗin kamfanin ce ta ɓace daga intanet. A ƙaramin domen, SERVFAIL yakan biyo bayan ƙaura daga wani kamfanin ajiye shafi zuwa wani, ko dai an bar rekod ɗin NS, mai faɗin sabobin da ke riƙe da domen, yana nuna tsohon gida, ko an bar tsohon sa hannun DNSSEC, tsarin tabbatar da sahihancin amsa, a wurin rajista. Gane na biyun abu ne mai sauƙi: ƙara +cd a tambayar, wanda ke cewa saba ta daina tantance sa hannu. Amsa ta fito da +cd, ta ƙi fitowa ba shi, to DNSSEC ne. REFUSED na nufin ka ƙwanƙwasa ƙofar da ba a san ka ba, sabar ba ta riƙe da domen ɗin ko ba ta amsa wa baƙi. Akwai kuma wanda ya fi ruɗa sabon shiga, NOERROR tare da ANSWER: 0. Sunan yana nan, irin rekod ɗin da ka nema ne babu, kamar ka nemi AAAA, rekod ɗin lambar IPv6, a shafin da ba shi da ita.

Lambar tsakiyar layin amsa ita ce TTL, daƙiƙoƙin da suka rage kafin sabar ta zubar da amsar da ta ajiye ta je ta nemo sabuwa. A ganina wannan lamba kaɗai ta isa dalilin koyon dig. Kowa ya taɓa jin "ku jira awa 24 zuwa 48" daga bakin masu ajiye shafi. DNS ba ya yaɗuwa sannu a hankali kamar yadda maganar ke nunawa. Sabobi ne da yawa, kowacce da tsohuwar amsa a ajiye, kowacce tana jiran agogonta ya cika. Idan TTL ɗinka 14400 ne, kamar yadda cPanel, manhajar sarrafa shafi ta masu ajiye shafi, ya saba sawa, awa huɗu ne iyaka. Idan 86400 ne, kwana ɗaya. Awa 48 ɗin tana da asali, domin sabobin .com suna ba rekod ɗin NS daƙiƙa 172800, amma wannan sai in sabobin domen ɗin gaba ɗaya ka canza. Da dig za ka maimaita tambaya ka ga lambar tana sauka, ka iya ce wa oga, "Yallaɓai, saura minti arba'in a layinmu," maimakon "sai dai a yi haƙuri." Mai dabara kuma yakan rage TTL zuwa 300 kwana ɗaya ko biyu kafin ƙaura. Wani tarkon da ba a cika faɗa ba: amsar "babu" ita ma ana ajiye ta. In ka tambayi suna kafin ka ƙirƙire shi, sabar za ta riƙe NXDOMAIN ɗin na ɗan lokaci, gwargwadon abin da ke cikin rekod ɗin SOA, mai ɗauke da saitin domen ɗin, kai kuma kana ta sake gyara abin da ba shi da laifi.

To yaya za ka san gyaran da ka yi ya zauna, tun kafin agogon kowa ya cika? Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Nemo sabobin da ke riƙe da domen ɗin, ka tambaye su kai tsaye:

dig NS example.com +short
dig @sunan-sabar-da-ta-fito example.com

Idan ka ga aa cikin flags, amsar daga mai iko ta fito. nslookup ma yana iya tambayar wannan saba, gaskiya ne, sai dai shi rashin wancan layin na "Non-authoritative answer" ne kawai zai nuna maka, dig kuwa a rubuce yake.

Abin da nslookup da host ba su da shi ko kusa shi ne +trace. Rubuta dig +trace unijos.edu.ng ka ga tafiyar tun daga tushe. Zai fara da sabobin tushe, masu sunaye 13 daga a zuwa m, waɗanda hukumomi 12 ke gudanarwa. Su tura shi wajen sabobin .ng, da ke ƙarƙashin NiRA, ƙungiyar da aka kafa a 2005 don kula da sunan Najeriya a intanet. Daga nan a gangara har sabar da ke riƙe da sunan jami'ar. Duk matakin da tafiyar ta tsaya, nan ciwon yake, kuma nan za ka san wa za ka kira: mai rajista ko mai ajiye shafi. Amma +trace yana buƙatar a bar shi ya fita ta ƙofa ta 53, wadda tambayoyin DNS ke bi, zuwa ko'ina. Wasu katangun tsaro na ofis da wayifai na otal suna tare duk tambayar DNS su amsa da kansu, ko da wa ka nufa. Gwajin da nake yi shi ne dig @192.0.2.1 example.com. Wannan lamba an keɓe ta don misalai a rubuce, babu saba a kanta. In amsa ta dawo, wani ne a hanya yake amsawa da sunan kowa, kuma duk kwatancen da ka yi tsakanin 8.8.8.8 da 1.1.1.1 a wannan layi aikin banza ne.

dig ma yana da nasa. Mutane na son +short saboda tsafta, amma idan babu amsa fili kawai yake bari, bai faɗa maka NXDOMAIN ne ko SERVFAIL ba. Kuma ko sunan babu shi, da lambar nasara yake fita muddin saba ta amsa, don haka shirin da ya dogara da lambar fitarsa zai yi ta ce maka lafiya lau. Sannan samun sa a Windows ya zama aiki, tunda ISC ta daina fitar da BIND na Windows daga 9.18 a 2022. Hanya mafi tsafta yanzu ita ce WSL, ka ɗora Ubuntu a cikin Windows ɗin. A Ubuntu da Debian kunshin bind9-dnsutils ne, a Fedora da danginta bind-utils, Mac kuma da shi take zuwa.

Kan imel, dig da nslookup ba su da wani bambanci mai yawa. Tun Fabrairun 2024 da Google da Yahoo suka tsaurara sharuɗɗa ga masu aika saƙo, duba SPF da DMARC, rekod ɗin da ke tabbatar da sahihancin imel ɗin domen, ya zama aikin yau da kullum, kuma dig TXT example.com da dig TXT _dmarc.example.com suna yin abin da nslookup -type=txt ke yi. Kada dai ka dogara da tambayar ANY don ganin komai a dunƙule. Tun 2019 aka amince wa sabobi su ba ta amsar je-ka-na-yi-ka, manya da yawa kuma haka suke yi.

Yanzu ga tambayar da na ce duk ukun ba sa amsawa: me ita wannan kwamfutar take gani? dig, host da nslookup suna haɗa tambayarsu ne su aika wa saba kai tsaye. Burauza ba haka take yi ba. Tana bi ta tsarin kwamfutar, wanda zai leƙa fayil ɗin hosts, inda ake haɗa suna da lamba da hannu, ya leƙa ajiyarsa, ya yi la'akari da VPN in akwai. Chrome da Firefox ma suna iya tsallake duk wannan su yi tasu tambayar a ɓoye ta HTTPS. Shi ya sa za ka ga mai gina shafi yana rantsuwa cewa a wurinsa yana buɗewa, kowa kuma na cewa ba ya yi. Lokacin da yake gwaji ya sa sunan a fayil ɗin hosts ya manta. nslookup a kwamfutarsa ba zai taɓa tona wannan ba.

A Windows, abin da ke amsa wannan tambaya shi ne Resolve-DnsName na cikin PowerShell, wanda ke nan tun Windows 8, amma har yanzu da wuya ka ga masu gyara a kasuwar Banex sun taɓa shi. Yana bin hanyar da sauran manhajoji ke bi, yana nuna TTL a fili, yana karɓar -Server da -Type, kuma da -NoHostsFile ko -CacheOnly kana iya cire zargi ɗaya bayan ɗaya. In amsarsa ta saɓa da ta nslookup, matsalar tana cikin kwamfutar, sai ka nufi fayil ɗin hosts ko ipconfig /flushdns. Ga wanda duk aikinsa a Windows yake, ni shi zan ce ya riƙe kafin nslookup. Tsawon sunan ne kawai ke sa shi wuyar faɗa ta waya. A Linux, getent hosts ne ke bin hanyar tsarin. A Ubuntu kuma za ka ga dig yana cewa 127.0.0.53 ce ta amsa, wato systemd-resolved da ke cikin kwamfutar kanta, sai resolvectl status ya nuna maka ainihin sabar da ke bayanta. A Mac, scutil --dns ne ke fallasa wace saba ke amsa wane suna.

Masu son yi daga waya suna iya ɗora Termux, manhajar baƙin allo, a Android su sa kunshin dnsutils. Sai a kula: Termux da 8.8.8.8 yake zuwa a saitinsa, ba da sabar layinka ba. In kana son ganin ko MTN da Airtel da Glo suna ba da amsa iri ɗaya, ka haɗa kwamfuta da datar wayar, ka yi tambayar daga can, ka canza layi ka sake.

Layin Query time na dig yana da amfani wajen zaɓen sabar da za ka sa wa rautar ofis. Gwada ta kamfanin intanet ɗinku, da 8.8.8.8 ta Google da ta fito a 2009, da 9.9.9.9 ta Quad9 ta 2017, da 1.1.1.1 ta Cloudflare ta 2018. Kowacce ka tambaye ta fiye da sau ɗaya, don tambayar farko tana iya haɗawa da lokacin nemo amsa. Kada ka ɗauka ta waje ce kullum ta fi sauri, kuma abin da ya yi kyau a Garki ba lallai ya yi a Kubwa ba. Idan kuma amsa ta zo daidai, cikin sauri, shafin bai buɗe ba, ka sakar wa DNS mara. Ranar 14 ga Maris 2024 da wayoyin ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, har da MainOne da WACS, canza saba ba zai gyara wa kowa komai ba, domin hanyar ce ta yanke.

Akwai wasu ukun da za ka ji ana ambata. kdig na CZ.NIC, masu kula da domen ɗin ƙasar Cek, ya yi fice wajen tambaya a ɓoye ta TLS a ƙofa ta 853 ko ta HTTPS, kodayake dig ma ya samu +tls da +https daga 9.18. drill na NLnet Labs ne a Holan, za ka gamu da shi a FreeBSD, inda ya maye gurbin dig tun fitowa ta 10. delv kuma ɗan gidan BIND ne, aikinsa tantance DNSSEC da kansa ya faɗa maka inda sarƙar ta tsinke. In ka iya dig, kdig da drill ba za su yi maka baƙunta ba.

Ɗalibin da ke zaman koyon aiki, ko mai neman aikin kula da sabobi, dig zai sa wa lokaci, domin sabobin da zai taras galibi Linux ne, kuma karanta amsar dig shi ne koyon DNS ɗin kansa. Mai shagon buga takardu da cike fom a Area 1 ba ya buƙatar fiye da layuka ukun nan na nslookup da ɗigon ƙarshe. Mai kula da kwamfutocin ma'aikata ya haɗa Resolve-DnsName da dig ta WSL, ɗaya don abin da kwamfutar ke gani, ɗaya don abin da duniya ke gani. Ranar da za ka kai ƙara wajen kamfanin da ke ajiye muku shafi kuma, kada ka tura musu +short ko hoton burauza. Kwafo amsar dig gaba ɗayanta, ɗaya daga sabarsu, ɗaya daga 1.1.1.1, tunda a ciki akwai status, da TTL, da sabar da ta amsa, da lokacin da aka yi tambayar a layin WHEN.